Dakaru Biyu da Ba a Yi Musu Tafi: Wasan Carlsen da Karjakin na New York

Duk wanda aka taɓa nuna wa wasan nan, ƙarshensa aka nuna masa. Magnus Carlsen ya ɗauki wazirinsa, wanda wasu ke kira sarauniya, ya dire shi a gidan h6, a gaban sarkin Sergey Karjakin, inda sarki zai iya cinye shi, dakare ma zai iya. Karjakin ya duba, ya miƙa hannu. Ranar 30 ga Nuwamba 2016 ke nan, a ginin Fulton Market da ke bakin ruwa a New York, ranar da Carlsen ya cika shekara 26 da haihuwa. Wannan taku na 50 ya zaga duniya, kuma ya cancanci zagawar. Sai dai ni, da na daɗe ina jera wasan a kan allo tun daga takunsa na farko, ba wazirin ne ya riƙe ni ba. Wasu dakaru biyu ne, ɗaya a f3, ɗaya a h5.

Kafin a kai gare su, sai an san halin da mutanen biyu ke ciki. A lokacin, kambin duniya na shataranji, wato ches, yana hannun Carlsen ɗan Norway tun 2013, lokacin da ya karɓe shi daga Viswanathan Anand a Chennai. Karjakin, haifaffen Simferopol mai buga wa Rasha wasa, ya zama babban gwani na duniya yana da shekara 12 da wata 7, abin da ba a karya ba sai a 2021. Sa'annin juna ne, duk 'yan 1990. Mu da ke Libiya muna da ɗan abin tunawa da su: a gasar duniya ta FIDE da aka yi a Tarabulus a 2004, dukansu sun zo suna yara, dukansu kuma a zagayen farko aka sallame su. Levon Aronian ne ya fitar da Carlsen. Ita ma waccan gasa da wasan sauri aka raba gardamarta, inda Rustam Kasimdzhanov na Uzbekistan ya doke Michael Adams na Ingila.

A New York an buga dogayen wasanni 12. Karjakin ya ci na 8, Carlsen ya rama a na 10, sauran goman duk kunnen doki. Sai aka koma wasan sauri guda huɗu: minti 25 ga kowa, da ƙarin sakan 10 bayan kowane taku. Biyun farko canjaras, Carlsen ya ci na uku da baƙi. Saboda haka da suka zauna na huɗu, Carlsen na da fari kuma canjaras ma ya wadace shi, shi kuwa Karjakin dole ne ya ci, da baƙi, a hannun mutumin da ba a cika cin sa ba ko da yana barci. Wanda ya manta da wannan ba zai gane dalilin rabin takun da aka yi ba.

Carlsen ya buɗe da dakaren e4. Duk tsawon gasar, da e5 Karjakin ke amsa wannan, amsar mai son tsare gida. Yau sai ya tura c5, buɗin Sisiliya, wanda ake nufa idan ana neman rigima. Da Carlsen ya bi hanyar da aka saba a taku na 5, ya fito da doki zuwa c3, da ƙofar Najdorf ta buɗe, kuma a can ne ake samun irin hargitsin da mai neman nasara ido rufe yake so. Sai ya tura dakaren f gida ɗaya, zuwa f3. Taku ne mara kwarjini. Bai fito da kowa ba, bai yi wa kowa barazana ba, har ma ya ɗan buɗe wa sarkinsa iska. Aikinsa kawai ya tokare e4, domin dakaren c ya samu ya wuce zuwa c4 kafin doki ya tare masa hanya. Da dakaru suka tsaya a c4 da e4, sai gidan d5 ya zama na fari shi kaɗai. Wannan tsari shi ake jingina wa Géza Maróczy, gwanin ƙasar Hungary, kuma ba don kai hari aka san shi ba, don shaƙe abokin wasa ne a hankali.

Ina son wannan zaɓi ƙwarai, domin akwai sanin mutum a cikinsa. Carlsen bai gudu ya ɓuya ba, bai kuma shiga musayar kaya tun da wuri don a tashi ba ci, abin da kan jefa mai tsoro cikin matsala. Ya ɗauki fili mai yawa ya zauna a kai. Karjakin ya tura e5, ya bar dakarensa na d6 a baya ba mai tallafa masa daga gefe, ya kora dakaren a har a4 don ya takura dokin fari. Dokin ya ja da baya zuwa c1. Wanda bai saba ba zai ce an kore shi. Ku bi shi da ido: daga c1 ya hau d3, daga d3 ya hau b4, inda yake hango d5 da c6. Ba gaggawa a tafiyarsa, kuma ba taku ɗaya da ya tafi a banza.

A tsakiyar wasan akwai wurin da nake jin daɗinsa duk da cewa wasu na ganinsa da gundura. Karjakin ya jera hasumiyoyinsa biyu a hanyar a, ɗaya ta kutsa har a3. Carlsen ya mai da doki c2 ya kore ta, ya sake kai shi b4, ya sake dawo da shi c2. Tambaya ce yake yi ba da baki ba: ka yarda mu maimaita? Ƙa'ida ta ce idan tsayuwar allo ta maimaitu sau uku, ana iya tashi canjaras, canjaras kuwa kambi ne ga Carlsen. Dole Karjakin ya kauce, ko da kaucewar ta fi zaman muni. Haka aka sake yi daga taku na 40, hasumiya ta hau d3, ta sauko d2, ta koma d3, shi kuma ya janye tasa zuwa a7 ba don can ya fi ba. A 46 aka yi masa tayin musayar hasumiya, ya ƙi. A 47 aka yi masa tayin musayar waziri, ya ƙi. Kowace ƙi da abin da ta ci masa. Ban san wani wasa da ya fi wannan nuna yadda sakamakon da ke kan takarda yake zama makami a kan allo ba.

Yanzu ga dakare na biyu. Tun a taku na 19 da na 20 Karjakin ya turo dakaren h har zuwa h4, yana neman inda zai ɓula katangar sarki. Carlsen ya tare shi da g3, ya zagayo da giwarsa ta f1 zuwa h3. Suka zauna ido cikin ido na ɗan lokaci. A taku na 29 sai Carlsen ya ci h4 da dakaren g. Malamin da ke koya wa yara zai buge hannun ɗalibin da ya yi haka: ya yaye wa sarkinsa rufi, ya tara dakaru biyu a hanya ɗaya a gefen allo, ya kuma bar gidan f4 a buɗe. Nan take kuwa dokin baƙi ya faɗa f4. Abin da ya biyo baya shi ne ya nuna lissafi ne, ba kwaɗayi ba. Giwa ta ci dokin f4. Ɗaya giwar ta ci dokin d7. Doki ya koma b4, ya ci giwar c6. Cikin taku biyar, duk 'ya'yan baƙi da ke iya tsallake katanga sun bar allo, aka bar shi da giwa ɗaya a f8 wadda dakarunta suka tare wa gaba. Sai dokin da ya rage wa fari ya hau b5, ya bar dakaren b3 a sake. Hasumiya ta cinye shi, doki ya dira d4 ya haɗa waziri da hasumiya a baki ɗaya. Da ƙura ta lafa a taku na 36, ban da wazirin da kowa ke da shi, Carlsen na da hasumiya biyu da dakaru huɗu, Karjakin na da hasumiya ɗaya, giwa ɗaya da dakaru biyar.

Shi kuwa mummunan dakaren nan yana h4, giwar baƙi ta fito e7 ta sa masa ido. A taku na 39 ya matsa h5. Iyakar tafiyarsa ke nan a wasan: g3, h4, h5.

Wani dare a Hajara, bayan isha'i, na jera tsayuwar da ta biyo taku na 48 a kan benci wajen mai shayi, na tura allon gaban wani dattijo da ya fi ƙwarewa a dararmu ta ƙasa, amma ya iya shataranji tun zamansa a Tarabulus. Sarkin fari na lungu a h1. Wazirin baƙi na f2, hasumiyarsa na a2, taku ɗaya ya rage a ce kish mat a g2. Ya duba, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Yaro, ai farin nan sai dai a yi masa addu'a."

Na ce, "Baba, nasa ne takun. A ƙara dubawa."

Ya daɗe shiru. Bai taɓa wazirin ba, bai taɓa hasumiya ba. Ya ɗora yatsa a kan dakaren h5, ya ce, "Wannan fa, wa ya aiko shi nan?" Da na ba shi labarin tafiyarsa, sai ya gyaɗa kai ya ce ko a dara ma tun wajen jera 'ya'ya ake cin wasa, sauran duk karɓar bashi ne.

Ga yadda abin yake. A taku na 49 hasumiyar c1 ta tashi zuwa c8, kish. Wannan ne takun da ke buƙatar zuciya, ba na 50 ba, domin hasumiyar nan ita kaɗai ke tsaron layin sarki. Da tashinta, baƙi na da kisa ta hanya fiye da ɗaya, a g2, a f1, a e1. Daga nan duk takun da fari zai yi dole ya zama kish, in ya yi numfashi sau ɗaya ya mutu. Sarkin baƙi ya matsa h7. Waziri ya faɗa h6. In sarki ya cinye shi, hasumiya ta zame zuwa h8, kuma ba mafita: g5 na hannun hasumiyar f5, ita ce kuma ke kare dakaren h5, g7 nasa ne ya tare, g6 kuwa dakaren h5 ne ke gadinsa. In dakaren g ne ya ci wazirin, layi na bakwai ya buɗe, hasumiyar f5 ta ci f7, kish mat: g8 da h8 na hannun hasumiyar c8, g6 kuma dakaren nan dai. A kashe-kashen biyu duka, cire h5 daga allo, sarki ya fice ta g6, fari ya yi asarar waziri ya kuma sha kisa.

Dakaren f3 fa? Ku dubi kisa na biyu. Hasumiya na f7, wazirin baƙi na f2, hanya ɗaya suke. Wazirin fari ya bar f4, hasumiya ta bar f5, f6 ba kowa. Abu ɗaya ne tak ya hana wazirin baƙi ya miƙe ya cinye hasumiyar, shi ne dakaren da aka ajiye a f3 tun taku na 5, wanda bai sake motsawa ba har aka tashi. Ba na cewa Carlsen ya hango wannan tun farko, ba mahalukin da zai iya. Abin da nake cewa shi ne 'ya'yan da aka ajiye a inda ya dace sukan sami aikin da ba a ɗauke su dominsa ba. Wannan ne ya sa ƙarshen ya yi mini kyau fiye da yawancin sadaukar da waziri da na gani. Ba ɗan kallo a rundunar fari. Hasumiya biyu, waziri, dakaru biyu, kowa da ƙofar da yake tsare.

To amma ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya, wasan yana da inda ya gaza.

Ba karo ne na mutum biyu masu 'yanci ɗaya ba. Karjakin, wanda ake yi wa laƙabi da Ministan Tsaro saboda iya kare kai, an tilasta masa yin wasan da ba nasa ba, agogo kuma na cin sa. Turo dakaren h da ya yi, da barin hasumiya a bakin doki, da guje wa kowace musaya, ba abin da zai zaɓa ba ne in da canjaras na da amfani gare shi. Don haka in ana yabon yadda Carlsen ya mallake allo, a rage wani abu a ba yanayi. Wanda ke neman wasan da gwanaye biyu suka gwabza kowa da cikakken ƙarfinsa, ba nan zai same shi ba.

Sannan shi kansa taku na 50, kyansa ya fi zurfinsa. Kisa ne cikin taku biyu, reshe biyu. A ba matsakaicin ɗan wasa tsayuwar, a ce masa akwai kisa, zai gano shi kafin shayinsa ya huce. Bambancin kawai shi ne ba wanda ya gaya wa Carlsen akwai, ga agogo na tafiya, ga kambin duniya a kan tebur. Kuma ba dole ba ne. A taku na 49, da ya mai da waziri g3, ya tsare g2 ya kuma nemi musaya, da ya isa gida lafiya ba tare da ya sa wuyansa a igiya ba. Wasu na ganin wannan ya rage wa abin daraja, wai ado ne. Ni a nan na saba da su kaɗan. Mutumin da canjaras ya ishe shi, ya ga hanya mai aminci, ya kuma ga wadda kuskuren gida ɗaya a cikinta zai sa a kashe shi nan take, sannan ya bi ta biyun saboda ya lissafa ta har ƙarshe ya yarda da lissafinsa, ba ado yake yi ba.

Lissafin kuwa ya fi yadda ake nunawa tsawo, domin Karjakin na da wata amsar a 49, wato ya tare kish ɗin da giwa a f8. Nan sai hasumiya ta ci giwar, sarki ya ci hasumiya, ɗayar ta ci f7 da kish. In sarki ya nufi e8, a bi shi: hasumiya f8, ya gudu d7, waziri f7, ya gudu c6, hasumiya c8, ya gudu b5, waziri c4, ya gudu a5, hasumiya a8, kish mat a taku na 56. An kora shi daga wannan gefen allo zuwa wancan, kowane taku da kish, kuma ko ɗaya ba a isa a yi sakaci da shi ba. A wajena wannan reshen da ba a buga ba ya fi wanda aka buga nuna gwaninta. Sai dai ba ya ɗaukar hoto.

Ƙorafina mafi girma ba a kan wasan yake ba, a kan hanyar da ta kawo shi ne. Dogon wasa na 12, wanda duniya ta zauna jira, taku 30 aka yi aka tashi canjaras cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, Carlsen na da fari bai ko gwada ba. Ya san ya fi ƙarfi a wasan sauri, sai ya kai shari'ar kotun da ya fi so. Dabara ce, ƙa'ida kuma ta ba shi dama, ba na zarginsa. Amma kambin da aka gina a kan zaman awa shida ana tunani, a ce minti 25 ne zai raba shi, har yanzu abin bai gama kwanta mini ba. Ba a kansa aka fara ba: haka aka yi tsakanin Kramnik da Topalov a Elista a 2006, da Anand da Gelfand a Mosko a 2012. Ba a kansa aka ƙare ba: a Landan a 2018 duk dogayen wasanni 12 da Fabiano Caruana canjaras aka yi, Carlsen ya share na sauri 3 da 0, a 2023 kuma a Astana da wasan sauri Ding Liren ya doke Ian Nepomniachtchi. Duk da haka in za a yi adalci, saurin ne ya haifi abin da muke yabo. A dogon wasa, mai tsaro irin Karjakin ba zai bar sarkinsa da ƙofa ɗaya ba.

Saboda shi ma a ba shi haƙƙinsa, ina ba mai son kallon wasan nan shawara kada ya fara da shi. Ya fara da na biyu a wasannin saurin wannan rana. A can Carlsen na da giwa biyu a kan hasumiya ɗaya, nasara na hannunsa, Karjakin kuma lokaci ya kusa ƙare masa. Ya dinga ba da abin da yake da shi ɗaya bayan ɗaya, dakaru da hasumiyar kanta, har sarkinsa ya rasa gidan takawa alhali ba a yi masa kish ba, wanda a ƙa'ida canjaras ne. Taku 84 aka yi. Wanda ya ga wannan zai san irin mutumin da Carlsen ya zauna da shi a wasa na huɗu, zai kuma gane dalilin da ya sa ya tura f3 maimakon ya fito da doki.